“Jikina Ya Ba Ni”: Gwajin Tsinkayen Gaibu da Na'ura a Ma'aunin Kimiyya da Shari'a

Tsakure

Wannan maƙala ta duba wani reshe na bincike da ake gudanarwa a wasu jami'o'in Turai da Amurka, inda ake auna gumin fata da bugun zuciya da motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, sannan a miƙa abin da aka auna ga manhajar koyon na'ura, domin a gano ko jikin ɗan Adam yana jin abin da bai auku ba tukuna. Ta bayyana yadda ake yin gwajin, da abin da aka samu, da ƙofofin da kuskure yake shiga ta cikinsu. Daga nan ta auna wannan da'awa da bayanin malamai game da gaibu da firasa da ilhama. Abin da maƙalar ta tsaya a kansa shi ne, da'awar ba ta tabbata ba a ma'aunin kimiyya, kuma tabbatarta ko rushewarta ba ya ƙara wa aƙidar Musulmi komai, ba ya rage mata komai.

1.0 Gabatarwa

Idan labari marar daɗi ya riski Bahaushe, yakan ce, “Dama jikina ya ba ni.” Uwa takan ce gabanta ya faɗi a daidai lokacin da ɗanta ya yi haɗari a wani gari mai nisa. Irin wannan magana tana nan a kowace al'umma, kuma tambayar da take haifarwa tsohuwa ce: shin jiki yana samun labarin da ido bai gani ba, kunne bai ji ba? Sabon abu a yau shi ne, an sami masu binciken da suka ce za su amsa tambayar da na'ura. Sun ce a bar tambayar mutum abin da ya ji, a tambayi fatarsa da zuciyarsa, domin su ba sa ƙarya, ba sa gyara labari bayan abu ya faru.

Wannan batu ya shafi ɗalibin addini ta fuska biyu. Akwai mai kishin addini da yake ɗaukar irin wannan bincike ya hau mumbari da shi, yana cewa kimiyya ta tabbatar da kashafin waliyyai. Akwai kuma mai duba da yake neman sabuwar riga, ya ajiye faifan yashi ya ɗauki kwamfuta. Dukkansu biyu suna buƙatar a zauna a tantance abin da binciken ya nuna da abin da bai nuna ba.

2.0 Taƙaitaccen Tarihi

An kafa ƙungiya ta farko mai binciken irin waɗannan al'amura a birnin Landan a shekarar 1882. A shekarun 1930 Joseph Rhine na Jami'ar Duke a Amurka ya mayar da binciken zuwa ɗakin gwaji. Ya yi amfani da kati 25 masu alamomi biyar, ana ɓoye katin, mutum ya faɗi alamar da ke jikinsa. Wanda yake cinke kawai zai dace sau 5 cikin 25 a matsakaici, don haka duk abin da ya haura wannan a kai a kai ake ɗaukarsa alamar tsinkaye. Rhine ya ba da rahoton nasara a 1934, amma masu bincike da yawa da suka maimaita gwajin ba su sami abin da ya samu ba, kuma an gano cewa a wasu gwaje-gwajen farko ana iya hango alamar ta bayan katin.

Gwamnatin Amurka ma ta kashe kuɗi sama da shekara ashirin a kan wani shiri na leƙen asiri ta hanyar “gani daga nesa”, wanda aka fi sani da Stargate. An rufe shi a 1995 bayan bitar da masaniyar ƙididdiga Jessica Utts da masanin halayyar ɗan Adam Ray Hyman suka yi. Utts ta ce alƙaluman ɗakin gwaji suna nuna akwai wani abu, Hyman ya ce ba su isa hujja ba, rahoton ƙarshe kuwa ya ce shirin bai samar da bayanin sirri da aka yi aiki da shi ba.

3.0 Yadda Ake Tambayar Jiki

Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka san cewa idan mutum ya firgita ko ya ji kunya, tafin hannunsa yakan fitar da ɗan gumi wanda shi kansa ba ya ji, kuma wannan gumi yana sa fata ta ƙara saurin isar da lantarki. Ana manna waya biyu a yatsu, a auna canjin. A al'ada martanin yana bayyana sakan ɗaya zuwa uku bayan abin da ya jawo shi.

A 1997 Dean Radin, yana Jami'ar Nevada a lokacin, ya wallafa wani gwaji da ya juya wannan tsari. Mutum yana zaune gaban allon kwamfuta, an manna masa wayoyi. Ya danna maɓalli, allon ya zauna fayau na sakan kaɗan, sannan hoto ya bayyana. Kwamfuta ce take zaɓen hoton ta hanyar ƙuri'a: wani hoton mai kwantar da rai ne, kamar fili ko itatuwa, wani kuma mai tayar da hankali ne. Radin ya ce a cikin sakan ɗin da allon yake fayau, kafin hoton ya fito, fata ta fi motsawa idan hoton da ke tafe mai tayar da hankali ne. Dick Bierman na Jami'ar Amsterdam ya ba da rahoton makamancin haka. Daga baya aka faɗaɗa awon zuwa bugun zuciya, da buɗewar ƙwayar ido, da igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa.

A 2012 Julia Mossbridge da Patrizio Tressoldi da Jessica Utts suka tattara rahotanni 26 da aka fitar tsakanin 1978 da 2010, suka haɗa alƙalumansu. Sun sami tasiri ƙarami, wanda girmansa ya kai 0.21 a ma'aunin ƙididdiga, suka ce dace kawai ba zai bayyana shi ba. Wannan aiki shi ne babban madogarar masu goyon bayan da'awar har yau.

4.0 Shigowar Koyon Na'ura

Koyon na'ura hanya ce ta sa kwamfuta ta fitar da ƙa'ida daga misalai, maimakon a rubuta mata ƙa'idar. A wannan bincike ana ba ta awon jiki na sakan ɗin da suka gabaci hoto, tare da gaya mata irin hoton da ya biyo baya. Tana bin ɗaruruwan misalai tana neman siffar da ta bambanta rukuni biyun. Bayan haka sai a kawo mata awon da ba ta taɓa gani ba, a ce ta faɗi hoton da ya zo. Idan rukuni biyu ne daidai wa daida, cinke zai ba da kashi 50 cikin 100. Idan ta haura haka a kai a kai, to akwai labarin hoton a cikin awon tun kafin hoton ya fito.

Hanyar tana da ƙarfi, kuma ta nuna ƙarfinta a wani fage na daban. A 2008 masu bincike a Jamus, ƙarƙashin John-Dylan Haynes, sun yi amfani da ita a kan hoton aikin ƙwaƙwalwa, suka hango hannun da mutum zai danna maɓalli da shi sakan da yawa kafin ya san ya yanke shawara, da dacewar kusan kashi 60 cikin 100. Sai dai a nan sababin yana cikin ƙwaƙwalwar da ake aunawa, domin ita ce take shirya motsin. A gwajin tsinkaye kuwa, hoton yana hannun ƙuri'ar da ba a jefa ba tukuna. Wannan ne ya sa da'awar take da nauyi, kuma gwargwadon nauyin da'awa ake neman nauyin shaida.

5.0 Ƙofofin Kuskure

Malaman usulul fiƙhu suna da wata hanya ta gano illar hukunci da suke kira sabru da taƙsimi: a lissafa duk siffofin da za su iya zama illa, a bi su ɗaya bayan ɗaya ana soke waɗanda ba su cancanta ba, sai abin da ya rage. Wanda ya tsallake wata siffa bai soke ta ba, hujjarsa ba ta cika ba. Haka lamarin yake a nan. Kafin a ce jiki ya ji abin da zai zo, dole a soke aƙalla abubuwa huɗu.

Na farko shi ne jiran tsammani. Wanda ya ga hotuna masu kwantar da rai uku a jere yakan ce a ransa na gaba zai zama mai firgitarwa, sai jikinsa ya riƙa ɗaurewa a hankali har mai firgitarwar ya zo, sannan ya saki. Idan daga ƙayyadadden tari ake ciro hotunan ba a mayar da wanda aka cire, to tsammanin nasa lissafi ne ingantacce, babu gaibu a ciki. A 2002 masu bincike, ciki har da Jan Dalkvist da Jiri Wackermann, sun nuna da lissafi cewa ko da ƙuri'ar tsantsa ce, ɗaukar matsakaicin gajerun jeri na kowane mutum yana iya haifar da bambancin da babu shi a haƙiƙa.

Na biyu shi ne tace sigina. Awon jiki yana zuwa da hayaniya, don haka ake wuce da shi ta matata ta lissafi. Wasu matatun suna bin awon gaba da baya, sai su shafo wani ɓangare na martanin da ya faru bayan hoto su zuba shi a sakan ɗin da suka gabace shi. Manhajar koyon na'ura za ta tsinci wannan shafi nan take, ta ba da sakamako mai kyau, alhali abin da ta karanta ya faru ne bayan hoton.

Na uku shi ne yawan ƙwanƙwasa ƙofa. A al'adar ƙididdiga, ana kiran sakamako mai ma'ana idan yiwuwar samunsa ta hanyar dace ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya gwada hanyoyi 20 masu zaman kansu a kan awon da babu komai a cikinsa, yiwuwar ɗaya ta “yi nasara” ta kai kusan kashi 64 cikin 100. A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa sun sa mataccen kifi a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka nuna masa hotunan mutane, lissafin da ba a gyara ba ya nuna kamar ƙwaƙwalwar kifin tana aiki. Sun yi haka ne domin su faɗakar da 'yan uwansu masu bincike.

Na huɗu ya keɓanci koyon na'ura, shi ne hadda ba fahimta. A ɗauka an manna wayoyi 64 a kai, kowace tana ba da awo 500 a sakan, na tsawon sakan uku: lambobi 96,000 ke nan a jefa ɗaya. Idan jefa ɗin 40 ne kacal, kwamfuta ba za ta rasa siffar da ta raba su ba, ko da siffar banza ce. Ƙarancin misalan jarrabawa ma yana ruɗarwa, domin a cinke 20, yiwuwar dacewa 14 ko fiye, wato kashi 70 cikin 100, ta kusa 6 cikin 100 ba tare da wani tsinkaye ba. Haka nan idan wani ɓangare na misalan jarrabawa ya zurara cikin misalan koyo, an zama kamar malamin da ya nuna wa ɗalibi takardar tambayoyi kafin ranar jarrabawa.

6.0 Da Aka Tsananta Sharuɗɗa

A 2011 Daryl Bem na Jami'ar Cornell ya wallafa gwaje-gwaje tara, da mutane sama da 1,000, a ɗaya daga cikin manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam. A gwajin farko mutane sun dace da kashi 53.1 cikin 100 wajen faɗin labulen da wani irin hoto zai bayyana a bayansa. A 2012 Stuart Ritchie da Richard Wiseman da Christopher French suka maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen sau uku, ba su sami komai ba. A shekarar dai Jeff Galak da abokansa suka yi gwaji bakwai da mutane 3,289, su ma ba su samu ba. Bem da abokansa sun mayar da martani a 2015 da tarin gwaje-gwaje 90, suka ce jimillarsu tana goyon bayansa.

Domin a raba gardama, Zoltan Kekecs na Hungari ya jagoranci wani aiki wanda masu yarda da masu shakka suka zauna tare suka amince da tsarinsa kafin a fara. An rubuta hanyar lissafi tun farko, ana ɗora awo a intanet yayin da ake tattara shi, akwai kuma masu sa ido daga waje. An wallafa sakamakon a 2023: mutane 2,115, cinke 37,836, dacewa kashi 49.89 cikin 100. Wannan gwaji ya shafi cinke ne, bai auna fata ba. A ɓangaren awon jiki, Samuel Moulton da Stephen Kosslyn na Jami'ar Harvard sun yi amfani da hoton aikin ƙwaƙwalwa a 2008, ba su ga ƙwaƙwalwa tana bambanta hoton da aka “aiko” mata da wanda ba a aiko ba.

Akwai kuma gwajin da ya bayyana wani yanki na “jikina ya ba ni” ta hanyar sababi sananne. A 1997 Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokansu a Jami'ar Iowa sun sa mutane suna zaɓen kati daga tari huɗu, biyu masu jawo hasara a ƙarshe, biyu masu riba. Bayan 'yan zaɓuɓɓuka, fatar mutanen ta fara motsawa idan sun nufi tarin hasara, tun kafin su iya faɗin dalili da baki. Jikin ya riga harshe, amma daga abin da ya riga ya gani ya koya.

7.0 Mahangar Shari'a

Alƙur'ani ya keɓe sanin gaibu ga Allah Maɗaukaki, kamar yadda ya zo a aya ta 65 ta Suratun Namli da aya ta 59 ta Suratul An'ami. Aya ta 34 ta Suratu Luƙman ta ambaci abin da rai zai aikata gobe cikin abubuwan da bai sani ba. Ayoyi na 26 da 27 na Suratul Jinni sun togace manzon da Allah ya yarda da shi, aya ta 188 ta Suratul A'arafi kuma ta umarci Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya kore wa kansa sanin gaibu. Malamai sun raba gaibu kashi biyu: mutlaƙi, wanda babu wata halitta da ta san shi sai ta hanyar wahayi, da nisbi, wanda ya ɓoyu ga wani ya bayyana ga wani, ko ake kaiwa gare shi ta sababi, kamar likitan da ya hango cuta daga awon jini. Abin da gwajin Iowa ya nuna yana cikin kashi na biyu.

Shari'a ba ta musanta mafarkin gaskiya da ilhama da firasa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa mafarki nagari yanki ne daga yankuna 46 na annabci, kuma an ruwaito cewa idan akwai wanda ake yi wa ilhama a wannan al'umma, to Umar ne, Allah ya yarda da shi. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 bayan Hijira, ya kasa firasa gida uku a Madarijus Salikina: ta imani, wadda haske ne da Allah yake jefawa a zuciyar bawansa; ta horar da rai da yunwa da rashin barci da kaɗaici, wadda mumini da kafiri suka yi tarayya a cikinta, kuma ba ta nuna walittaka; da ta halitta, wadda likitoci da makamantansu suke fitarwa daga siffofin jiki. Ta farkon kyauta ce, mai ita ba ya kiranta lokacin da ya so. Gwajin ɗakin bincike kuwa yana neman abin da yake maimaituwa a duk lokacin da aka danna maɓalli. Don haka rashin samun komai a ɗakin gwaji bai taɓa karama ba, samun wani abu kuma ba zai zama dalilinta ba.

Abin da ake da'awar yana zuwa duk lokacin da aka kira shi, ana kuma sayar da shi, sunansa a shari'a bokanci. Ibnu Khalduna, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira, ya yi dogon bayani a Muƙaddima kan masu da'awar riskar gaibu, ya yarda cewa rai yana riskar wani abu a mafarki, amma ya kore cewa sana'a irin ta bugun ƙasa tana kai mutum ga gaibu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ambaci masu da'awar sanin gaibu ta zane a yashi da taurari da labarin aljanu a Nurul Albabi, ya yi musu hukunci mai tsanani. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Canza yashi da allon kwamfuta bai canza haƙiƙar da'awar ba.

Hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ya taɓo wani abu da masana ƙididdiga suke fama da shi a yau. Da aka ce wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, bokaye sukan faɗi abu ya zama gaskiya, sai ya bayyana cewa kalma ɗaya ce ta gaskiya ake cuɗa ta da ƙarya ɗari. Mutane suna riƙe ɗayar, su manta ɗarin. Uwar da gabanta ya faɗi ranar haɗari ba ta ƙirga ranakun da ya faɗi ba a sami komai ba, kamar yadda mujalla takan buga gwajin da ya yi nasara, wanda bai yi ba ya kwana a aljihun tebur.

Ko ilhama ta gaskiya ma ba a gina hukunci a kanta. A hadisin Ummu Salama, Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya bayyana cewa yana hukunci ne gwargwadon abin da ya ji daga masu husuma. Shaɗibi ya kawo fatawar Ibnu Rushdi a kan alƙalin da adalai biyu suka yi shaida a gabansa, sannan ya yi mafarki an hana shi aiki da shaidarsu: amsar ita ce bai halatta ya bar shaidar saboda mafarkin ba. Idan haka ne matsayin mafarkin alƙali, to motsin fata da manhaja ta fassara bai isa a tuhumi wani da sata ko maita ba, bai isa a fasa aure ko tafiya ba.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa akwai rahotannin da suka ba da ƙaramin tasiri, akwai kuma sanannun ƙofofin kuskure da suke iya haifar da irinsa, kuma babban gwajin da ɓangarori biyu suka amince da tsarinsa ya tsaya a kan abin da cinke yake bayarwa. Koyon na'ura yana gano siffa a cikin awo, amma ba ya faɗin inda siffar ta fito, wannan aikin mai bincike ne. Binciken kansa ba laifi ba ne matuƙar an kiyaye amana, an kauce wa hotunan da shari'a ta hana kallo, ba a kuma yi da'awar sanin gaibu ba. Wanda aka kawo wa irin wannan sakamako yana da tambayoyi huɗu: shin an rubuta hanyar lissafi kafin tattara awo, shin misalan jarrabawa sun rabu da na koyo, mutum nawa aka gwada, kuma shin wanda ba ya goyon bayan da'awar ya maimaita ya samu? Mai wa'azi kuwa, ya fi masa aminci ya bar karama da ilhama a kan dalilansu na nassi, domin wanda ya jingina aƙida da sakamakon gwaji zai shiga ruɗu ranar da wani gwajin ya rushe shi. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana bin abin da mutum ba shi da ilimi a kansa, kuma hanin ya haɗa da mai musantawa da mai tabbatarwa. Allah ne mafi sani.